Sa Yana Bin Kunya, Amma Ba Ya Jin Kunya

Kafin in yabi kowa, ya kamata in faɗi abin da ke damuna, domin kada mai karatu ya ɗauka natsattse ne ya yi wannan rubutu. Tsoro nake ji. Ni ne malamin ajin yaƙi da jahilci na manya a Fakku, cikin ƙasar Kebbe, kuma ƙungiyar da ta buɗe ajin ta sanar da ni cewa idan wata ya ƙare masu zuwa ba su kai goma ba, za a rufe shi. Da mutum ashirin da uku muka fara. Ranar Asabar na ƙirga bakwai, na sake ƙirgawa ko na yi kuskure, suka sake zama bakwai. Ɗaya daga cikinsu shi ne mutumin da na ɗauki alƙalami domin in jinjina masa, Baba Jumare mai horon shanun huɗa.

Shekara arba'in da 'yan kai, duk bazara, Baba Jumare yakan fito daga masallaci bayan sallar Asuba ya zarce turke. Ba ya farawa da igiya. Yakan tsaya nesa kaɗan ya yi fito sau biyu, gajere da dogo, sa'an nan ya matsa ya buɗe tafin hannunsa, sa ya lashi gishiri. Bayan haka ya shafa wuya, ya duba kofato, ya dubi abin da aka bari a kwano. Kafin rana ta yi zafi an ja gungume a filin bayan gari, da hantsi an kwance an ba da dusa da ruwa. Manoma daga Sanyinna, inda aka haife shi, har zuwa Dogon Daji suna kawo masa bijimai masu taurin kai, su koma da su sun san karkiya, sun san bin kunya, sun san juyawa a ƙarshen gona ba tare da sun tattake shuka ba. Bana gwiwa ta hana shi, ya ajiye igiya. Ba a yi masa taro ba, ba a ba shi takardar yabo ba.

Ni kuwa ina da difloma a fannin koyarwa, kuma darasin da na fi ci shi ne na yadda halitta ke koyo. An koya mana cewa masana sun rabu. Wasu sun ce koyo ba kome ba ne illa sabo: a haɗa alama da lada, a yi ta maimaitawa, har kare ya riƙa zubar da miyau da jin ƙararrawa ko da babu nama. Wasu suka ce a'a, koyo a cikin kai yake faruwa, sai mai koyo ya gane, ya zana abin a zuciyarsa, ko ya kalli wani yana yi. A jarrabawa na rubuta shafi huɗu a kan saɓaninsu. Na fito ina ganin na san bakin zaren.

Malam Haliru na Dogon Daji ya ba ni labarin wani jan sa da ya saya a kasuwa, wanda da ya hango karkiya sai ya kwanta. Ashe mai shi na farko da sanda yake ɗaura masa ita. An ja, an tura, an zuba masa ruwa, ya ƙi tashi. Haliru ya ce da ya kai shi wurin Baba Jumare, sai tsohon ya rataye karkiyar a jikin bishiyar da ke kusa da kwanon dusa, ya bar ta nan kwana goma bai taɓa ta ba. Sa ya ci, ya dube ta, ya ci. Daga nan ya fara ɗora masa ita a wuya yana cikin ci, ya ɗauke kafin ya gama. A mako na uku jan sa da kansa yake miƙo wuya. Da na ji haka na yi murna, na ce wannan ai mutanen ƙararrawa ne sak, Baba Jumare nasu ne.

Sai Goggo Hamdiya, wadda mijinta ya rasu ya bar mata gona mai tsohuwar rijiya a tsakiya, ta rushe mini lissafin. Ta ce kwana uku Baba Jumare ya yi yana zagaya gonar da sabon santa, kafaɗa da kafaɗa da wani tsohon sa, babu garma, babu gishiri, babu ko fito. Ita har ta fara cewa tsohon yawo kawai yake yi da dabbarta. Ranar da aka fara huɗa, suna isowa kusa da rijiyar da ciyawa ta rufe, sa ya kauce da kansa, ya zagaye, ya koma kan layinsa. Wa ya ba shi lada a kan wannan? Babu. A kansa ya riƙe gonar.

Na rasa inda zan sa Baba Jumare. Ɓangarori biyu da suka yi ta jayayya a littafina, ga su ɗaure a turke ɗaya suna cin dusa. Na same shi zaune a kan turmi a ƙofar gidansa, na gaishe shi, na zayyana masa ra'ayoyin biyu a tsanake, na tambaye shi wanne ne gaskiya game da shanu.

"Wane sa kaka tambaya, Malam Aminullahi?"

"Shanu gaba ɗaya, Baba."

"Ni ban taɓa horon shanu gaba ɗaya ba. Sa guda nika horo, in na ƙare in kama wani. Wani gishiri shika ji, wani sai ya ga tsoho na yi. Littafin naku bai faɗi sunan san ba?"

Gaskiya littafin bai faɗa ba. Kuma tun da na zo nan, dole in faɗi laifina, domin shi ne ya watsa ajin. Ganin dattawa suna jinkirin riƙe baƙaƙe, sai na tuna da darasin lada. Na sayo goro, na yanka ƙanana, na ce duk wanda ya karanta baƙi daidai zai karɓi ɓari. Na yi tsammanin za a yi dariya a ƙara himma. Na nuna wa Malam Atiku, dattijon da ya haura sittin, baƙin "d", ya ce "b". Na wuce shi na nuna wa Bube, matashin da ke zaune a baya, ya faɗi daidai, na miƙa masa goro ta saman kan Malam Atiku. Bube mijin 'yar Malam Atiku ne. Na san haka, amma a lokacin shafin littafi nake gani. Bube bai ci ba, ya sa a aljihu, ya sunkuyar da kai har aka tashi. Washegari babu su duka biyu. Cikin mako biyu sauran suka bi su ɗaya ɗaya, kowa da uzurin gyaran gona.

Na ba Baba Jumare wannan labari kamar bai gani da idonsa ba, na ce ban gane ba, abin da ya yi aiki a kan jan san Haliru ne na yi.

"Sa shina bin kunya, amma ba shi jin kunya," in ji shi. "In na ba wanga gishiri na hana wancan, iyaka shi yi huci, gobe ya mance. Kai ko ka tsallake Atiku ka miƙa ma mijin ɗiyatai, gaban jama'a. Goro ba lada ba na, girma na. In anka fiddo shi, daga babba aka farawa, ko da bai san alifi ba."

"To Baba, kai ma ba ka taɓa samun goron ba, ga shi ba ka daina zuwa ba."

Ya yi dariya har ya dafa gwiwa. "Ni na sha shuri wurin waɗanda sunka fi ka ƙafa. Kuma ba a barin sabon sa ranar da ya yi shuri. In anka bar shi, ya koyi shuri ke nan."

Sai da na yi rabin hanyar gida na gane wanda yake nufi da sabon sa. Har yanzu ban sani ba, shi ne ɗalibina ko ni ne nasa. Ya ce ya shiga ajin ne domin ya riƙa karanta abin da ke jikin kwalbar maganin dabbobi, kuma gaskiya ne bai wuce baƙi tara ba. Amma na lura duk ranar da na yi bayani a hankali yakan gyaɗa kai, ranar da na ɗaga murya kuwa sai ya dubi taga. Na kuma lura na rage ɗaga murya. Ban san sunan da zan ba wannan ba, ko in ce na sani ina jin nauyin faɗa.

Baba, kai ne ka cika rumbunan mutane ba tare da sunanka ya hau bakin kowa ranar girbi ba. Kai ne ka sa gonar marainiya da ta gwauruwa suka sha huɗa a kan lokaci. Kai ne ba ka taɓa ce wa dabba daƙiƙiya ba, sai dai ka ce ba a gano ƙofarta ba tukuna. Mai haƙurin dafa dutse, na gode. Allah Ya ba gwiwarka lafiya, Ya sa abin da ka shuka ya bi ka. Ina kira ga 'yan'uwana malamai na Tambuwal da Kebbe, musamman masu sabuwar takarda irina, mu nemi irin waɗannan dattawa tun suna raye mu zauna kusa da su. Littafi bai yi mana ƙarya ba, sai dai bai san surukuta ba, kuma bai san wanda ke zaune a gabanmu ba.

Saura kwana tara wata ya ƙare. Ban san ko mutum uku za su dawo ba, ban ma san ko dabarar da na yanke daga ɓangaren masu sabo take ko daga na masu ganewa ba. Yau da La'asar, bayan an rufe littattafai, na miƙe gaban mutum bakwai ɗin, na ce:

"Daga ranar Asabar ajin nan ya rabu biyu, dattawa bayan Azahar, matasa bayan La'asar, ba wanda zai sake yin kuskure a gaban surukinsa. Gobe da safe kuma zan je zauren Malam Atiku, in durƙusa a gaban duk wanda na tarar, in ce ni ne ban iya ba."