Unguwarzoma da Tsakar Ɗanta

A Mayirno, can bakin Nilu a ƙasar Sudan, duk matar da ta haihu a unguwarsu, Bakhita ake aikawa a kira. Unguwarzoma ce, jikar mahajjatan da suka taso daga ƙasar Hausa a ƙafa, suka ya da zango a hanya, zama ya kama su. Aikinta duk na wuta ne. Ta dafa ruwan wankan jego, ta zuba garwashi a kasko ta tura ƙarƙashin gado, ta lulluɓe mai jego da bargo sai gumi ya karyo. A wurinta ciwo ɗaya ne a duniya, sanyi, maganinsa kuma ta san shi.

Yaƙi ne ya koro ta Alƙahira, ita da ɗanta na fari, Ubaida, wanda ba ta kiran sunansa saboda kara, sai dai ta ce "yaron nan". Suka kama ɗaki a unguwar Hay el-Sabi'. Nan kowa asibiti take haihuwa, ba mai neman kaskon Bakhita, sai ta koma tuƙa wa ɗalibai 'yan Najeriya tuwo da miyar kuka.

Ran nan Ubaida ya dawo daga kasuwar Juma'a rungume da akwatin gilashi. Tsaka ce a ciki. Matar da ta tashi ta tarar ana bin tsaka da takalmi ana neman lada, wai yau a ɗakinta za a yi kiwonta.

"Yumma, ba irin ta bango ba ce," ya ce wa mahaifiyarsa. "Dube ta da kyau."

Rawaya ce mai ɗigon baƙi irin na damisa, ga wutsiya jibgegiya. Ba ta hawa bango. Abin da ya tayar wa Bakhita tsigar jiki shi ne tana ƙifta ido, a hankali, kamar mutum mai sauraro.

Ya nuna mata wata 'yar shimfiɗar lantarki da ya manna a ƙarƙashin gefe ɗaya na akwatin, da ma'aunin zafi da ke tsayawa a talatin da 'yan kai. Ɗaya gefen da gangan ya bar shi da sanyi.

"Ta ciki take shan ɗumi. In ya ishe ta sai ta koma can ta huce. Kome za a yi, a bar mata wurin gudu."

Bakhita ta taɓe baki. Ita za a koya wa ɗumi?

Ba a jima ba Ubaida ya haɗa jaka zai koma Sudan neman mahaifinsa, wanda ya tsaya gadin gida aka daina jin ɗuriyarsa. A bakin ƙofa ya ce, "Ki riƙe min ita da ɗumi har in dawo."

Daga nan abin ya soma. Duk ranar da tsakar ta ci tsutsotsinta, kafin magariba saƙon Ubaida zai shigo. Ranar da ta ƙi ci, wayar shiru. Da ta yi fari fat za ta yi saɓa, washegari ya ce zazzaɓi ya kwantar da shi. Ga shi kullum ta fito daga ɓoyonta sai ta fuskanci kudu ta tsaya cak. Bakhita ta faɗa wa Mardiya, ɗaliba 'yar Gusau da ke ɗakin ƙasa.

"Khala," in ji Mardiya, wato inna da Larabci, "wannan camfi ne. Ki yi istigfari."

Ta yi istigfarin, da zuciya ɗaya kuwa. Amma tsoro bai sake ta ba. Ta riga ta sa a ranta cewa muddin dabbar nan na numfashi, yaron nan na numfashi.

Sai watan Ɗuba ya kama, watan da sanyin Masar ke shiga ƙashi. Tsakar ta rage motsi, ta daina ci, kamar yadda irinta ke yi da hunturu. Bakhita ba ta san da haka ba. Abin da ta sani, wayar ma ta yi tsit, kwana da kwanaki.

Wata la'asar ana yayyafi aka ɗauke wuta. Ta shafa gindin akwatin, ɗumin na janyewa. Ta daure ta taɓa bayan tsakar, karo na farko a rayuwarta, ta ji shi sanyi ƙalau.

Ba ta tsaya tunani ba, hannunta ya san aikinsa. Ta hura gawayin da take dafa gahawa da shi, ta ɗora akwatin a kan kujeru biyu, ta tura kasko a tsakiya yadda zafi zai game ko'ina, ta kawo bargo ta lulluɓe ruf.

Jim kaɗan ta ji ƙarar farce a jikin gilashi, ƙaraf-ƙaraf, daga wannan kusurwa zuwa waccan.

"Yi haƙuri," ta ce a hankali, tana danne bakin bargon. "Haka kowace mai jego ke roƙo a buɗe ta. Daure, sanyin ne ke fita."

Ƙarar ta yi ta raguwa har ta ɗauke. Bakhita ta yi ajiyar zuciya, ta gode wa Allah.

Mardiya ce ta hawo karɓar tuwo, ta ji ƙaurin gawayi, ta yaye bargon. Tsakar na maƙale a kusurwar da a da take da sanyi, baki buɗe, idanu buɗe. Bakhita ta tsaya tana jira ta ƙifta. Ba ta ƙifta ba.

A lokacin wayar ta hau ruri a kan tabarma. Mardiya ta leƙa.

"Lambar Sudan ce, Khala, amma ba tasa ba. In ɗauka?"

Bakhita ta kama hannunta ta riƙe gam, tafinta da sauran zafin kasko.

"Kar ki ɗauka, 'yar nan," ta ce. "Bar min shi da rai zuwa ta katse."