Injin da Cindo Ya Zaɓa

Cindo taubashina ne, uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, saboda haka ina da izinin faɗin abin da na ga dama a kansa, shi ma bai taɓa raga mini ba. An haife shi da yatsa shida a hannun hagu, sunan ya bi shi har ya danne na yanka. A garinmu Tajaye kuwa, in aka ambaci Cindo, abin da ke fara zuwa wa mutum a rai shi ne sassabe.

Da can, in bazara ta kama, mai gona yakan aika goro gida-gida ya kira gayya. Makaɗi ya rataya ganga, samari su fito da gatura da adduna, a shiga daji a jere. Cindo ne kullum a gaba, gajere, mai faɗin ƙirji, ga baki kamar na maroƙi. Ba ya yarda a sare sabara ko kalgo baki ɗaya, sai a zaɓi rassa masu ƙarfi a bari, a rage sauran. Gawo kuwa, ko tsawonsa bai kai gwiwa ba, wanda ya taɓa shi ya shiga uku. In ya ɗaga murya ya yi wa wani kirari, ko ragon gari ne sai ka ga ya zabura. Ina kewar kwanakin nan, ba na ɓoyewa.

Gonar Cindo ba gado ba ce. Aro ce da gidan mai gari ya bai wa ubansa, kuma kowa ya san ƙa'idar aro: muddin kana noma taka ce, ranar da ka bar ta ta zama saura, ta koma hannun masu ita. 'Ya'yansa maza duk ci-rani ya kwashe su, babban, Fa'izu, yana Libiya. Shi kuma Cindo ciwon baya ya fara ba shi wahala, har ya koma noman ɗan gefen da ke kusa da hanya. Sauran, geza da sabara da ƙaya suka cinye shi.

Bara waccan Wakili, wanda mai gari ke aikawa, ya zo ya durƙusa a ƙofar gidan.

"Baba Cindo, ba son raina na ba," in ji shi. "Masu biɗar gona sun yi yawa. In ruwa sunka sauka bana ba a gyara ta ba, mai gari za shi ba wani."

Cindo bai yi gardama ba. Ya sayi goro, ya kira gayya yadda ya saba. Ranar da aka sa, mu tsofaffi uku muka je, sai makaɗin da shi ma ke dogara sanda. Samarin da suka rage a gari suna wuni a Konni suna kabu-kabu da babura. Muka sassare 'yan rassa, rana ta buge mu, muka dawo gida.

Fa'izu ne ya bugo waya ya ce akwai ƙungiyar manoma a Birnin Konni da ke ba da hayar tarakta da injin share gona, a je a gani, shi zai ji da sauran. Cindo ya yi ta gunaguni, amma ya sa babbar riga, ni kuma na raka shi don kada ya ɓata a kasuwa.

Wata yarinya mai suna Rahinatu ce ke kula da ofishin ƙungiyar. Ta kai mu bayan gida, ta nuna mana injuna biyu, kowanne a bayan tarakta ake ɗaura shi, ita ke juya shi.

"Wanga, Baba, jan shi aka yi," ta ce, ta dafa wani mai faɗi, shimfiɗe a ƙasa. "Duk abin da yat taras tsaye, in bai hi damtsen mutum kauri ba, sai shi niƙe shi har ƙasa. Kamin azahar an gama maka."

"Ya san gawo?" Cindo ya tambaya.

"Ƙarhe na, Baba, bai san komi ba. Amma direba na da ido. Ka ɗaura ma iccen da kaka so tsumma, shi kewaye shi."

"Wancan hwa?"

Wancan ja ne, mai wani baki kamar mazurari. Ta ce shi ba ya tafiya, wuri ɗaya yake tsayawa. Sai an saro reshe an tura masa, wuƙaƙen ciki su daddatse shi, ya furzo ɓarɓashi ta wani bututu, a baza a gona ya zama taki. Ta dubi furfurarmu, ta ƙara da cewa, "Amma shina son hannuwa da yawa. Masu sara, masu jawowa. Ku biyu ba ku iya mishi."

"Shi nika so," in ji Cindo.

Na ce, "Kai, tsuhwa ta taɓa maka kai? Mutanen da kak kira da goro da ganga ba su zo ba, ina za ka samo su? Gona za ta kubce maka a kan taurin kai!"

Rahinatu ma ta yi ta lallashi, ya ƙi. Haushi ya sa na ƙi yi masa magana a mota har muka wuce mararrabar Tsarnawa. Can ya taɓa ni da gwiwar hannu, yana kallon waje.

"Maman," ya ce, "so nike in sake ganin mutane cikin gonata. Ko sau guda."

Tausayinsa ya kama ni, amma tsoron bai sake ni ba. Hadari ya fara leƙowa ta gabas da maraice, in injin ya zo ya tarar ba kowa, shi ke nan.

Ana gobe za a kawo injin, ya sa matarsa Saratu ta buɗe rumbu. Gayya ba ta cika sai mai gona ya ciyar da duk wanda ya yi masa gumi, ya bi su ɗaya ɗaya ya yi godiya. Saratu ta ce, "Malam, wa za ya ci wanga tuwo duka?" Ya ce ta dafa kawai. Ta kira maƙwabta mata, aka ɗora manyan tukwane.

Da hantsi tarakta ta ratsa tsakiyar Tajaye da jan injin a bayanta, ai kuwa sai gari ya biyo ta. Ranar ta faɗo Juma'a, 'yan kabu-kabu da yawa suna gida. Direban, wani Bilal, ya tsaya a bakin gona, ya tayar da abin, ya tura reshen kalgo guda. Kafin ƙiftawa da bismilla ya fito ɓarɓashi ta bututu. Aka ɗauki sowa. Kowa ya matso yana so ya gwada, Bilal ya ce mai so ya saro nasa. Sai ga magidanta suna gudu gida ɗauko gatari, har da waɗanda rabonsu da riƙe shi sun manta.

Na dubi Cindo, fuskarsa kamar an yi masa albishir da Makka. Ya shiga cikinsu yana ɗingishi, yana nuna rassan da za a bari. Ya buɗe baki ya yi wa wani saurayi kirarin kakansa, na ga jijiyar wuyansa ta miƙe, amma ƙarar injin ta shanye muryar, yaron ko waiwayowa bai yi ba. Makaɗi ya buga, ya buga, ya ga shi kansa ba ya jin gangarsa, ya nemi inuwa ya zauna. Aiki dai ya yi gudu. Aka tsaya aka je masallaci, aka dawo aka ci gaba. Kafin la'asar ta yi sanyi ana hango ƙarshen gona daga bakin hanya.

Wakili ya zagaya ta, ya dawo ya ce, "Baba Cindo, gona ta zamna hannunka. Allah shi ba da damana mai albarka."

A daidai lokacin Saratu da mata suka iso da akusa da ƙoren fura a kai. A daidai lokacin kuma Bilal ya ce sai ya kai Malbaza kafin duhu, ya ɗaure injinsa, ya ja. Yadda jama'a suka biyo shi, haka suka bi shi, wasu na ɗafe da ƙarfen baya, wasu na gardamar ko zai iya cinye kututture.

"Ku tsaya ku ci!" Cindo ya yi ta kira. "Jama'a, ku tsaya ku ci!"

Mutum biyu suka ɗago hannu daga nesa, ba su tsaya ba. Aka bar mu da tuwo jere a ƙasa, yana tururi. Saratu ta juya baya tana gyara kallabi.

Cindo ya daɗe a tsaye. Sannan ya sunkuya, da wannan bayan nasa, ya ɗauki akushi mafi girma ya aza a ka.

"Sun yi aiki," ya ce. "Haƙƙinsu ba shi kwana wurina."

Na ɗauki ƙwaryar miya na bi shi, Saratu ta biyo mu. Muka shiga gari gida-gida, yana sallama, yana kiran mai gidan da sunansa da na ubansa, yana godiya, Saratu na zubawa. Ba wanda ya ƙi karɓa, kowa ya sa albarka. Amma a kowace ƙofa, kafin mu juya, sai an tambaye shi abu ɗaya:

"Baba Cindo, yaushe injin ga za shi komo?"