Shafi Ɗaya a Littafin Kwamanda

Idrissa Maman ya shekara talatin da biyar a Woodbridge, wani gari kusa da Washington, amma har yau in ya ce gida, Damagaram yake nufi. Direba ne. Da babbar mota ya fara, tsakanin Damagaram da Agadas, sannan ya tuƙa Bature, sannan ya ja tasi a Washington har idonsa ya raunana, likita ya ce ya ajiye makulli.

Baturen mutumin Skotland ne, Callum Strathie, amma Idrissa bai taɓa ce masa komai ba sai Kwamanda. Ɗan mai kiwon tumaki ne daga can arewacin ƙasarsu. Ya shiga soja yana saurayi, harsashi ya lalata masa gwiwa, sai ya koma aikin jakadanci. Duk ƙasar da aka tura shi ofis ba ya riƙe shi. Da ya sami hutu sai ya nemi mota da wanda ya san hanya, in ya dawo ya zauna ya rubuta littafi. Haka ya gamu da Idrissa. Kwana arba'in suka yi daga Damagaram zuwa Bilma da dawowa. Da aka tura Kwamanda Washington ya ce shi ba ya son wani direba. Ya yi wa Idrissa takardu, shi da matarsa Ɗija da ɗansu na fari, Kabir, yana ɗan shekara biyar.

Littafin wannan tafiya yana nan a gidan Idrissa, da sa hannun Kwamanda a ciki. Turancin Idrissa na baki ne da na allon kan hanya, don haka bai taɓa karanta shi ba. Ya naɗe shi a ƙyalle ya ɗora kan kabad, in baƙi suka zo ya sauko da shi ya ce, "Ina ciki."

Kabir ya girma, ya zama injiniya, ya yi aure ya koma garin Clinton, ba nisa sosai. Ba ya rashin kunya, ba ya kuma daɗewa in ya zo. Lokacin da Ɗija ke raye ita take ɗaukar magana daga wannan ta kai wa wancan. Da ta rasu sai maganar ta tsaya. A farkon bazarar bana aka ji ya karɓi aiki a Seattle, can ɗaya ƙarshen ƙasar, zai kwashe iyalinsa ƙarshen wata.

Aliyya, ƙanwar Kabir, ita ta sauko da littafin wata Lahadi da hantsi.

"Baba, ka san abin da Kwamandan naka ya rubuta a kanka?"

"Ya ce na san hanya."

"Ya ce. Ya kuma ce wani abu."

Ta buɗe, ba ta ma nemi shafin ba, littafin da kansa ya buɗe a wurin. Ta fassara masa a hankali. Kwamanda ya rubuta cewa direbansa yana da ɗa, amma kwana arba'in bai ambaci sunansa ba. Ya tambaye shi sau uku, ya kau da zance. Ranar da suka dawo direban ya ɗauki 'ya'yan maƙwabta yana yi musu wasa, nasa kuwa ko kallo bai ishe shi ba. Ya rufe da cewa hamada takan busar da zuciyar maza.

"Yaya Kabir ya karanta wannan yana ɗan shekara sha shida," in ji Aliyya. "Ni kana kiran sunana sau goma a yini. Shi kuwa 'kai', ko 'wancan'."

Idrissa ya daɗe yana duban ƙyallen. A inda ya tashi, mutum mai kunya ba ya kama sunan ɗansa na fari, ba ya ɗaukarsa a gaban jama'a. Kowa ya san wannan, ba a koya wa kowa. Bai taɓa zaton abu ne da sai an yi bayani ba.

"Kira shi," ya ce. "Ki ce ya kai ni wurin Kwamanda ranar Asabar."

Abin da ya shirya ke nan: wanda ya rubuta shi zai gyara, da bakinsa, a gaban yaron.

Kwamanda ya haura tasa'in. Bayan ya yi ritaya bai koma ƙasarsu ba, saboda matarsa 'yar nan ce. Ta riga shi rasuwa, yanzu yana gidan kula da tsofaffi a Takoma Park. Sa'a ɗaya da rabi suka yi a hanya, motoci sun cushe a babbar hanya mai lamba 95. Kabir ya tambayi lafiyar idon da Turanci, Idrissa ya amsa da Hausa, shi ke nan hirar.

Lizzy, ma'aikaciyar jinya 'yar Jos, ta tarbe su a bakin ƙofa.

"Baba Direba! Ka ɓuya. Mutuminka yau ya tashi da rigima, wai shayinmu ruwan wanke-wanke ne."

"Ai da gaskiyarsa, 'yata. Wa ya ce ku yi masa shayi ba kumfa?"

"To ka shiga ka dafa masa, mu huta." Ta rage murya. "Amma fa yau kan ba ya nan sosai."

Kwamanda yana zaune kusa da taga, bargo a kan gwiwar nan. Ya ga Idrissa sai fuskarsa ta washe, Hausarsa ta dā ta dawo.

"Idrissa! Ka cika ruwa a mota?"

"Na cika, Kwamanda."

"Ƙarya kake. Kai kullum ka cika, sai mun yi nisa a ga rabi."

"Rabin ai kai kake aske gemu da shi."

Kwamanda ya yi dariya har da tari. Idrissa ya warware ƙyallen, ya buɗe shafin, ya ɗora masa a cinya.

"Kwamanda, akwai wurin da ka yi kuskure a nan."

Tsohon ya juya littafin, ya duba bangonsa, ya shafa.

"Wa ya rubuta?"

Idrissa ya zauna a bakin gado. Gajiyar hanya ta sauko masa gaba ɗaya. Mutumin da ya zagaya ƙasa goma sha wani abu, ya rubuta littafi huɗu, bai san nasa ba. Babu mai gyara shafin nan.

Sai Kwamanda ya hango Kabir tsaye jikin ƙofa, makullin mota a hannu.

"Wannan fa?"

"Ɗana ne."

"Kana da ɗa? Yaya sunansa?"

Tambaya ta huɗu ke nan. Idrissa ya dubi taga, ya dubi takalminsa. Ya ji bakinsa ya yi nauyi kamar za a sa shi tuɓe riga a kasuwa.

"Kabir," ya ce. Muryar ba ta fita sosai ba, sai ya sake. "Sunansa Kabir. Shi ne na farina."

"Suna mai kyau," in ji Kwamanda, ya koma kallon taga.

A hanyar komawa motoci sun sake tsayawa kafin gadar Occoquan. Kabir yana riƙe da sitiyari, idonsa a gaba. Can ya yi magana, da Hausarsa mai tuntuɓe.

"Baba, kai fa? Babanka me yake ce maka?"

"Kai," in ji Idrissa. "Ni ma na fari ne. Har ya rasu ban ji sunana a bakinsa ba. Ranar da zan fara tafiya Agadas ya raka ni tasha, ya tsaya can nesa kamar ya zo rakiyar wani."

Layin ya motsa kaɗan, ya sake tsayawa.

"Aikin nan na riga na sa hannu," in ji Kabir.

"Na sani. Ka je."

"A gidan can akwai ɗaki a ƙasa da zai yi maka, babu hawa bene. Sai dai garin ruwan sama ne kullum."

Idrissa ya jingina kansa da kujera ya lumshe ido.

"Na ga rashin ruwa ya ishe ni," ya ce.

Littafin yana can kan bargon Kwamanda. Sai da suka kusa gida Idrissa ya tuna, bai ce a juya ba.