Takun Gwaggo a Jinga

Har yau idan na ji warin jiƙaƙƙen buhu a kasuwa, sai jinga ta faɗo mini a rai. In ba ka taɓa zama a fadamar Hadejia ba, jinga ita ce tudun ƙasa da buhunan yashi da muke tarawa tsakaninmu da kogi, don kada ya shigo mana ɗaki.

Kakana shi ne mai unguwa a ƙauyenmu, can wajen Kirikasamma. Duk damina, da gero ya fara fitar da kai, sai ya ɗauki sandarsa ya raba aikin jinga gida-gida. Kowane namiji baligi taku goma. Ya taka, ya kafa turke, ya ce daga nan zuwa can na gidan wane ne. Ba ya duba takarda, duk mutanen garin a kansa suke. To, a nan matsalar take, domin a lissafin Kaka babu wanda ya taɓa barin garin. Wanda ya shekara bakwai yana acaɓa a Legas ma yana nan da takunsa, wai ai zai dawo.

Gwaggona, babbar 'yar Kaka, mijinta ya rasu ya bar mata maza huɗu, kuma duk neman abinci ya kwashe su. Amma kowace shekara taku arba'in ake auna mata, daidai kwanar da ruwa ke duka, rumbunta na bayan wurin. Da ƙwarya take jidar ƙasa, ga ciwon gwiwa. Za ka ce me ya hana a taya ta? A garinmu, in ka sa hannu a takun wani gida ba a kira ka ba, kamar ka ce gidan babu maza ne. Ita kuwa Gwaggo, taurin kai ne da ita, ta gwammace ta faɗi a wurin da ta furta haka.

A bayan jingar, ta ɓangaren ruwa, akwai bukkokin wasu masunta da suka taso daga bakin Tafkin Chadi lokacin da zama can ya gagara. Damina uku suna nan. Tare muke sallah, kifinsu muke ci, amma Kaka baƙi yake ce musu, baƙo kuwa ba a sa shi aikin gari. Saboda haka ba su da taku, ita ma jingar ba ta san da su ba.

A shekarar da nake ba ka labari, ruwa ya zo da wuri. Wata safiya muka fita muka tarar takun kowa ya kai ƙugu, na Gwaggo ko gwiwa bai kai ba, ruwa har ya fara lasar buhunanta. Maza na tsaye da shebur a hannu, kowa na kallon ƙasa.

Sai ga babban masuntan, da mazansu a bayansa. Ya durƙusa ya gaida Kaka, sannan ya ce, "Baba Mai Unguwa, 'ya'ya biyar muka haifa a garin nan, kai ka raba goron sunansu. Yaushe baƙuntarmu za ta ƙare?"

Kaka ya juya ya kalli Gwaggo. Ta daɗe riƙe da ƙwaryarta kafin ta ajiye.

"Baba, ƙirga waɗanda kake gani," in ji ta. "'Ya'yana ba za su zo ba."

Ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji nata a ranar ba. Kaka ya sunkuya ya tuge turken gidanta da hannunsa, ya miƙa wa masuncin. Kafin la'asar takun ya kamo na kowa. Ruwa ya zo ya bar rumbun Gwaggo, amma ya cinye bukkokin masuntan kakaf. Da rani ya yi, Kaka ya sa aka ja jingar ta zagaye inda suka sake gini.

Yanzu baffana ne mai unguwa. Shi duk shekara sabon ƙirge yake yi, gida-gida, wanda ke kwana a garin kawai. Unguwar masunta ta fi tamu yara, har rijiyar burtsatsen da aka samu can aka haƙa ta.

Ni ma Kano ta riƙe ni. Bara na je gida, na bi jinga ina neman taku gomana, sai na tarar wani magidanci daga unguwar masunta yana jera buhu a wurin. Na tambayi Baffa, ya ce ai ya cire ni tun shekara uku, in na zo na yi damina guda zai mayar da ni.

Wallahi abin ya yi mini ciwo. Na koma na tsaya a jikin jingar, na ga ta kai mini ƙirji. Lokacin da wurin yake nawa, bai taɓa wuce ƙuguna ba.