Kujerar Gaba a Lilon Ƙarfe

Har yau idan lif ta fara sauka da ni a gidan da muke haya a Abu Hail, sai na riƙe ƙarfen gefe da hannu biyu. Gidan ma ba wani tsawo gare shi ba. Wata tsohuwa 'yar Indiya da ke zaune a ƙasanmu ta taɓa tambayata ko ba ni da lafiya ne. Na rasa yadda zan yi mata bayanin cewa lafiyata ƙalau, yayana ne kawai ya kai ni shaƙatawa.

Na zo Dubai bayan na gama sakandare, don in taya matar Yaya renon jaririnta. Shi Yaya yana aiki a wani kamfanin kago, masu jigilar kaya, a Ras Al Khor. A Kano na san shi mutum ne da ko ɗan acaɓa ya ɗauke shi sai ya yi ta cewa, "Malam, bi a hankali, ba sauri nake ba." Wannan mutumin ne na zo na tarar ya shiga ƙungiyar masu hawa lilon ƙarfe.

Su kosta suke ce masa. Jirgi ne marar rufi a kan dogo, dogon kuma an murɗe shi a sama kamar taliyar da yaro ya yi wasa da ita. 'Yan ƙungiyar mutane ne da suka baro ƙasashensu, suka yi karatu mai zurfi, suka samu aiki mai kyau, sannan suka zauna suka yi shawara cewa babu abin da ya dace da ranar hutu kamar a ɗaure su a kujera a wulla su sama. Kowa ya san adadin waɗanda ya taɓa hawa, kuma sai ya faɗa maka ko ba ka tambaya ba. Idan sun gama, sai su tafi ɗanɗana wata irin giya da ake dafawa kaɗan-kaɗan. Yaya ba ya sha. Shayin karak yake sa a kawo masa.

Na tambayi Anti, matar Yaya, me ya kai shi cikinsu. Ta ce kafin ya same su, idan ya dawo daga aiki bango yake zama yana kallo har a kira isha'i. Ban da abokan aiki, ba shi da kowa a garin nan sai 'yan ƙungiyar. Ta ce ita ma ya taɓa gayyatarta, ta ce masa haihuwa ta ishe ta ganin lahira.

Ana gobe zai kai ni wurin lilon ya shigo falo yana murmushi.

"Na gaya musu ƙanwata ba ta san tsoro ba."

"Wace ƙanwar? Kana da wata ne ban sani ba?"

"Ba ke ce kika hau mangwaron gidan Kawu har ƙololuwa ba?"

"Na hau. Ka manta da tsani aka sauko da ni ina ihu?"

"Wannan ba ya cikin labarin da na ba su. Ke dai don Allah, auta, kar ki ba ni kunya."

Mutumin da ya yi mini biza, ya saya mini tikiti, kuma na ga yadda fuskarsa take haske idan yana maganarsu, da wane baki zan ƙi.

A ƙofar wurin wasan muka same su, kowa da riga iri ɗaya kamar 'yan biki. Shugabansu wani Bature ne injiniya mai jan gemu, ni dai Mai Gemu nake ce masa a raina. Akwai kuma wata nas 'yar Filifin, 'yar mitsitsiya, wadda in ka gan ta a hanya sai ka ce iska za ta ɗauke ta. Ita ta riƙe hannuna ta ce za a fara da ni da ƙarami. Ƙaramin nasu sai da na ɗaga kai har hijabina ya zame kafin na ga ƙarshensa. Daga can sama ihu ke saukowa, irin wanda a unguwarmu in aka ji shi maza ke fitowa da sanduna. A nan layi ake bi don a samu yin sa.

Aka karɓe wayoyi da jakunkuna aka kulle a akwati. Wata ma'aikaciya ta cusa mini gefen hijabina cikin riga, ta sauko da wani ƙarfe mai laushi a kan kafaɗuna har ya ce ƙas, ta girgiza shi, ta ce, "Yalla," wato a tafi. Na so in tambaye ta, in abin lafiya ne me ya sa ake ɗaure mutum haka, amma har ta wuce.

Jirgin ya fara hawa a hankali, ƙat, ƙat, ƙat. Wannan hawan shi ne muguntar. An yi shi ne don ka samu lokacin tuna duk wanda ka saɓa wa. Na ga hamada, na ga motoci sun koma kamar tururuwa. Yaya na gefena yana cewa, "Kalli gari, kalli gari!" Mai Gemu daga baya yana ihun a ɗaga hannu. A ɗaga hannu! Ni da nake neman hannu na uku in ƙara riƙewa. Na fara Ayatul Kursiyyu, ta kuɓuce mini a tsakiya, na tsinci kaina ina addu'ar shiga kasuwa. Sai ƙarar ta tsaya. Gaban jirgin ya leƙa ƙasa, babu dogo, babu komai, sai iska.

Na tuna fuskar Mama. Daga nan duhu.

Da na dawo, jirgin yana shiga rumfar da muka baro, Yaya yana jijjiga ni yana dariya, "Ya kika ji? Ya kika ji?" Ƙafafuna ne suka fitar da ni ba da shawarata ba.

Ashe akwai kyamara a hanya da ke ɗaukar mutane a daidai inda ransu ya kusa fita, don kada wannan alheri ya wuce ba shaida. Aka taru a gaban allo ana jiran hotonmu. Ya fito. Kowa baki a wangame, kumatu sun koma baya, gemun Mai Gemu ya rabu biyu. Yaya kamar an taka masa yatsa. Ni kuwa ina zaune a miƙe, tunda ƙarfe ya riƙe ni, hannuwana a kan cinya, ido rabi a buɗe, fuska a kwance kamar alƙali yana sauraren ƙarar da ta gundure shi.

Mai Gemu ya dafa ƙirji. Ya ce shekara da shekaru yana hawa a ƙasashe daban-daban, bai taɓa ganin sabon shiga mai natsuwa haka ba. Nas ta rungume ni. Yaya ya dinga bubbuga kafaɗar mutane yana cewa, "Ban gaya muku ba?" Na daɗe ban ga haƙoransa duka a waje haka ba, shi ya sa na haɗiye maganar. Sauran lilon da suka hau, na ce kaina na ciwo, na zauna gadin jakunkuna. Suka ce ai gwanaye haka suke, ba sa ɓata kansu a kan ƙananan abubuwa.

Bayan mun yi la'asar aka wuce wurin giyar, wani fili a jikin otal kusa da wurin wasan. Yaya ya jawo mana ƙaramin tebur a ƙarshen nasu, ya ce, "Mu shayi muke sha, idonki a kan kofinki." Na rungume jakata don kada wani abu ya fallatso mata. Amma ido ba ya jin magana.

A kan katako ake kawo musu, ƙananan kofuna a jere, wani ruwan zuma, wani baƙi ƙirin kamar ruwan kwata. A garinmu mai dafa irin wannan a bayan gari take, sunanta burukutu, mai sha kuma yana yi yana waige. A nan an raɗa wa kowace suna, an zana mata hoto, wani saurayi mai ɗan kunne yana ba da tarihinta kamar za a aurar da ita. Ba sa ma sha kai tsaye. Sai sun ɗaga ta sun kalli rana ta cikinta, sun shinshina, sun kurɓa, sun lumshe ido. Wani ya ce yana jin ɓawon lemu. Wata ta ce gahawa. Mai Gemu ya ce ƙamshin itacen da ruwa ya daka. Na ce a raina, bawan Allah, in lemu kake so ga lemu can ana matsewa, in kuma jiƙaƙƙen itace ne ka zo gidanmu da damina mu ba ka kyauta.

Ina cikin wannan Mai Gemu ya miƙe ya ƙwanƙwasa kofi da cokali. Ya ce hutu mai zuwa Abu Dhabi za a je, wurin wanda saboda gudunsa sai an ba mutum tabarau don kada iska da yashi su lalata masa ido. Ya ce a al'adar ƙungiya, kujerar gaba ba a roƙonta, ba da ita ake yi ga wanda ya cancanta. Kuma wannan karon an ba ni. Wanda ya kawo ni shi zai zauna a gefena.

Aka tafa. Na juya na kalli Yaya. Tun da ya shiga cikinsu a tsakiya ake sa shi, ya sha faɗa a gida. Idonsa har ya kawo ruwa.

Na ce da Hausa, ƙasa-ƙasa, "Yaya, ka ce musu ba zan je ba."

Ya juya ya ce musu da Turanci wai na ce wannan babbar karramawa ce.

Turancina na sakandare ne, amma ya kai in gane an sayar da ni ina zaune. Na miƙe, na haɗa 'yan kalmomin da nake da su. Na ce musu ni ba jaruma ba ce. Na ce wannan fuskar da suka gani a hoto fuskar wadda ta suma ce, tun gangarar farko ban san inda nake ba.

Na zaci za su ji kunya. Na zaci wani zai ce sannu.

Tafi suka yi, wanda ya fi na farko. Wani har da buga tebur. Mai Gemu ya riƙe kai ya ce shi shekarunsa nawa yana neman haka, iyakar abin da ya taɓa samu ganinsa ya ɗan dushe, ni kuwa ranar farko na tafi gaba ɗaya. Nas ta matso da fara'a tana yi mini bayanin yadda jini ke barin kai ya gangara ƙafa, ta ce ba komai ba ne, habibti, in sha ruwa sosai in matse cinyoyi, a na gaba zan kasance a farke in more shi duka. Wato damuwarsu ita ce na yi asarar azabar. Suka ɗaga kofunansu sama don girmama sumata.

Na koma na zauna. Na ɗauki shayin don in samu abin yi, sai kofin ya hau kaɗawa a kan faranti, ƙar-ƙar-ƙar, shayi na zuba a yatsuna. Na sa hannu na biyu, shi ma rawar yake. Yaya ya daina dariya. Ya daɗe yana kallon hannuwan nan.

"Da gaske ba ki san inda kike ba?"

"Na zaci ajalina ne, Yaya. Mama na gani."

Ya karɓe kofin ya ajiye. Ya ciro hankici ya miƙo mini. Sannan ya juya wurinsu ya ce, "Khalas. Ba za ta je ba."

Mai Gemu ya ce a bar ni in huta, zuwa hutun zan canza ra'ayi, kowa haka yake farawa. Yaya ya ce a'a. Aka tambaye shi to kujerar fa, don ita tare aka ba mu. Ya ce a ba nas. Da irin muryar mutumin da ke ba da ragon layyarsa aro ya faɗa, amma ya faɗa.

Muka shiga mota muka kama hanyar gida. Tuƙi yake a hankali, manyan motoci na wuce mu suna hon. Can ya ce, "Da kin faɗa tun farko."

"Na faɗa. Da Hausa na faɗa, wataƙila shi ya sa."

Ya yi wani ɗan sauti ta hanci, ban sani ba ko dariya ce.

Ranar Abu Dhabi ya tafi shi kaɗai. Ni na wuni a ƙasa a kan darduma da jariri, inda ko faɗuwa na yi ba nisa. Ya dawo da yamma da shatin tabarau a fuska. Anti ta tambaye shi ya hanya, ya ce lafiya, a tsakiya aka sa shi, nas kuma ta ji daɗin gaba ƙwarai. Ya ce suna gaishe ni, wai ƙofa a buɗe take duk ranar da na shirya. Bai kalle ni ba da yake faɗa.

Ni na yi girki ranar. Na zuba masa tuwo, na tsamo masa naman da ya fi girma a tukunya. Ya ci, sai da ya wanke hannu ya ce miyar ta yi gishiri. Ta yi ɗin. Hannuna ne bai gama tsayawa ba.