Sarewar da Alƙali Bai Ji Ba

Da safiyar ranar da za a ɗauki shirinsa, Alƙali ya tashi kamar kullum, ya sha shayinsa a tsaye, ya shiga ƙaramin ɗakin da ke ƙarshen baranda, ya rufo ƙofa. Ba alƙalin kotu ba ne. Abokan aikinsa na gidan rediyo ne suka raɗa masa sunan, saboda kowane mako yakan ɗauki fim guda ya yanke hukunci a kan kiɗan da aka yi masa. Sannu a hankali sunan ya bi shi har kasuwa da wurin aski.

Kafin ya shiga rediyo, mai busa ƙaho ne a babbar ƙungiyar makaɗan gari, irin wadda ke haɗa masu goge da masu sarewa da masu ganguna a ƙarƙashin sandar mutum ɗaya. Mazauninsa yana layin baya, dab da masu ganguna da masu gwara faifan ƙarfe, kuma a nan ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Da haƙoransa na gaba suka fara girgiɗi, leɓe ya daina riƙe ƙaho, sai ya ajiye busa ya koma magana. Bai gina gida na a zo a gani ba, bai sayi mota ba. Abin da ya tara shi ne yardar da mutane suka yi wa kunnensa. In ya ce kiɗa ya yi, masu saurare su ɗunguma zuwa gidan kallo. In ya ce bai yi ba, mai kiɗan ya wuni da ciwon kai. Wannan yarda ita ce jarinsa, kuma a 'yan watannin nan uwargidansa ta fara taɓa masa ita. Takan ce an danna ƙararrawar ƙofa bai ji ba, shi kuwa ya ce ƙararrawar ce ta tsufa.

Yana da tsarin aiki da ba ya saɓawa. Da farko yakan lulluɓe talabijin da zane, ya saurari kiɗa kawai, domin a cewarsa ido maƙaryaci ne, yakan ari kyan hoto ya yafa wa kiɗa. Sannan ya yaye zanen, ya kashe sauti, ya kalli hoto shiru. A karo na ƙarshe ne yake haɗa su. Duk wannan shi kaɗai yake yi, ba ya yarda kowa ya shigo, ko da ruwa aka kawo masa.

Fim ɗin wannan makon labarin wani magini ne da ya wayi gari da baiwa: duk abin da ke faɗowa daga sama, ko gada ce ko jirgi, in ya ɗaga hannu sai ya tsaya cak a iska. Wanda ya tsara kiɗan sabon shiga ne, wannan ne babban aikinsa na farko. Ya yi wa jarumin take na ƙahonni mai hawa kamar matakala, kuma Alƙali ya yaba da shi, don ya san wahalar busa irinsa. Amma ganguna sun yi yawa. Jarumi ya yi tsalle, ganga. Ya sauka, ganga. Ya waiwaya, ganga. Abin da ya fi ɓata masa rai kuwa yana tsakiyar fim, inda mahaifiyar jarumin ta rasu a asibiti, ya zo ya tarar da gado wayam, ya zauna a gefensa. A nan, inda ya kamata kiɗa ya yi magana, Alƙali bai ji komai ba sai wani gurnani can ƙasa-ƙasa. Tun jiya ya gama yanke hukunci: yaron ya san ƙarfi, bai san tausayi ba. Saura kawai ya tabbatar a kallon ƙarshe.

Yana cikin kallon ne uwargida ta turo ƙofa. Tela ce, ɗakin ɗinkinta yana jikin nasa, kuma zanen da ya kwana a kan talabijin na wata mai biki ne, ya ɗauko bisa kuskure. Ya ɗaga mata hannu alamar ta fita, ta ce ai ba shi ta zo gani ba, kayan mutane ta zo karɓa. Ta ɗauki zanen ta naɗe, amma ba ta fita ba. A daidai lokacin jarumin yana zaune a gefen gadon. Ta tsaya da zanen a ƙirji har wurin ya wuce, sannan ta goge ido da gefen ɗankwali, ta juya tana ɗan rera wani abu a maƙogwaro.

Ya tsayar da fim ɗin ya tambaye ta me take rerawa.

"Sarewar mana. Wannan yaron zai kashe mutum da tausayi."

"Wace sarewa?"

Ta dube shi, tana zaton zolaya ce irin tasa. Da ta ga fuskarsa, sai ta ajiye zanen a kan kujera. Ta ce ya mayar baya. Ya mayar. Ta nuna lasifika da yatsa, ta ce ga ta nan ta shigo, siririya kamar zare. Ga ta ta hau. Ga ta ta tsaya. Shi kuwa ya kasa kunne har ya karkata kai, bai ji komai ba sai gurnanin nan.

"Baban yara," in ji ta a hankali, "ba ƙararrawar ce ta tsufa ba."

Ya ce ita da keken ɗinki ke ƙara a kanta safe da yamma, yaushe ta zama mai kunne? Ta ce ita dai keke a gabanta yake, ba a bayan ƙeyarta aka yi shekara da shekaru ana dukan ganga ba. Ta ɗauki zanenta ta fita, ta ja masa ƙofa a hankali.

Da hantsi ya shiga motar haya ya tafi gidan rediyo. Bai biya ofis ba, ya zarce ɗakin ɗaukar shiri, inda Injiniya ke zaune a gaban na'urorinsa da kofin shayin da ya huce. Sun daɗe tare, furfura ma kusan tare ta fito musu, kuma ba su gaisuwa sai da tsiya. Injiniya ya ce yau wane maraya za a yanka? Alƙali ya miƙa masa fim ɗin, ya ce ya sa masa wurin asibiti a kwamfuta, yana son ya ga sautin da ido.

Layukan sauti suka bayyana a kan gilashin kwamfutar. A ƙasa akwai mai kauri, wato manyan goge, shi ne gurnanin da yake ji. Can sama kuwa ga wani siririn layi yana tafiya shi kaɗai, yana hawa yana sauka. Injiniya ya ce ƙaramar sarewa ce, kuma an kai ta ƙololuwa. Sannan ba tare da an roƙe shi ba ya murɗa wani abu, ya sauko da muryar sarewar ƙasa, ya miƙo abin sawa a kunne.

Sai ga ta. Alƙali ya runtse ido. Bai yi nisa da sauraro ba ya gane ta: taken jarumin ne, wanda ƙahonni ke busawa da taƙama, aka tuɓe masa duk ƙarfinsa, aka rage masa sauri, aka ba sarewa ɗaya. Kuma inda taken ya saba hawa matakalar ƙarshe, a nan sarewar takan kai gab, sai ta kasa, ta zamo ƙasa. Mutumin da ke tare gada a iska ya kasa tare wannan faɗuwar, kuma kiɗan ne ya faɗi haka, ba baki ba. Ya sa aka maimaita masa. Da ya cire abin kunnen, sai ya ce yaron ya san tausayi, ya ma fi shi sani.

Injiniya ya leƙa ƙofa ya ga ba kowa, ya rage murya.

"Mutumina, abin da ya faru a ɗakin nan ya mutu a ɗakin nan. Ka shiga ka yabi sarewa kamar ka ji ta tun farko. Kowane mako ka kawo mini, in sauko maka da duk abin da ya yi sama. Wa zai sani?"

Alƙali ya daɗe yana duban makirufo ta cikin gilashin da ya raba ɗakin na'urori da ɗakin magana. Ya ce shawarar ba ta da laifi, kuma taimakon yana so. Amma akwai finafinan da ya yi wa hukunci a watannin baya, bai san sarewa nawa ya binne da ransu ba. Mutane kuma ba bakinsa suke saye ba, kunnensa suke saye; in kaya ya samu tawaya, mai saye yana da hakkin a gaya masa.

"To in suka daina saye fa?"

"Sai in koma riƙe wa uwargida bakin zane."

Aka kunna jar fitila, alamar an fara ɗauka. Alƙali ya yi sallama da muryarsa ta kullum, ya ba da labarin fim a taƙaice, ya yabi taken ƙahonni, ya bayyana dalilin da ya sa yake zama a kai. Bai sassauta wa ganguna ba. Ya ce mai kiɗan ya riƙa buga su kamar wanda aka ce gobe za a ƙwace, har ya kawo wata doguwar ba'a da ya kwana yana gyarawa, a kan jarumin da ba ya iya shan ruwa sai an yi masa ganga. Injiniya ya yi ta dariya a bayan gilashi. Sannan Alƙali ya zo kan asibiti. Ya faɗi abin da sarewar ta yi, daki-daki, ya ce shi ne wuri mafi kyau a kiɗan duka. Bayan haka ya gaya wa masu saurare cewa shi da kansa bai ji ta ba. Da safiyar nan ya yi niyyar ya ce babu komai a wurin, sai matarsa ta ji, abokin aikinsa ya sauko masa da ita. Kunnensa ya daina kaiwa sama. Duk mai kiɗan da ya zarga da barin wuri fanko a 'yan watannin nan, ya aiko, za a sake saurare.

Shugabar shirye-shirye, wadda sa'ar 'yarsa ce, ta shigo bayan la'asar ta saurari abin da aka ɗauka, tana tsaye da hannu a haɓa. Da ya ƙare ta ce, "Baba, ka tabbata a bar wannan?" Ya ce ya tabbata. Ta ce to za a sa shi yadda yake, fim ɗin mako mai zuwa ma yana kan teburinta, ya biya ya ɗauka. Abin da zai biyo baya kuwa sai sun ji bakin masu saurare da na likitan kunne. Ba ta yi masa alkawarin da ya wuce haka ba, shi ma bai nema ba. Matsala ɗaya ce, in ji ta: shirin ya zarce lokacinsa, dole a rage.

Bayan ta fita, Injiniya ya ɗora yatsa a kan wurin da Alƙali ya yi maganar kunnensa, ya ɗaga gira. Alƙali ya girgiza kai, ya nuna masa ba'ar ganguna. Injiniya ya ce haba, duk shirin babu abin da ya kai ta daɗi. Alƙali ya ce ya sani, a yanke. Da aka yanke sai aka sami ɗan sarari a ƙarshe, ya ce a cike shi da sarewar, ba wadda aka sauko masa da ita ba, ta ainihi, yadda yaron ya tsara ta.

Injiniya ya ɗora ta, ya kunna don a tabbatar. Alƙali ya gyara zama, ya sa tabarau, ya bi siririn layin da ido yana tafiya a saman gilashi, yana hawa, yana zamowa, har ya kai ƙarshe. Ya dubi Injiniya, Injiniya ya gyaɗa kai. Sai Alƙali ya ce a adana, a aika wa masu watsawa.