Mai Goyo a Layin Lamba

Ranar kasuwar Karaye ce, masu lambar rigakafin cutar agana na hukumar En'e sun kafa teburi a gindin tsamiya. Cikin layin mata akwai wata doguwa da ban sani ba, ƙafafunta futu-futu, wataƙila daga Zoza ta tako. Tana jijjiga goyonta, tana bubbuga shi a hankali, amma ban ga kai ko ƙafa sun leƙo ba.

Da aka zo kanta, sai ta kwance majanyi, ta miƙa wa mai lamba wata 'yar riga a naɗe.

Ya ce, "Baiwar Allah, ina yaron?"

Ta ce, "Bara da kuka zo, a rumbu na ɓoye shi, agana kuma ta gano shi. Yau ga shi na kawo muku."